Wankin Motar Baba

Babana bai taɓa roƙona wani abu mai nauyi ba sai guda ɗaya, shi ma ban iya yi masa ba. Cewa ya yi ranar da ya rasu kada in bari a ɗauke shi a motokin.

Wanda bai zauna Tamale ba zai ce mene ne a ciki. Motokin babur ne mai ƙafa uku da buɗaɗɗen bodi a baya, shi ke ɗauko mana siminti da gawayi da awaki da jarkokin ruwa. Da gari ya faɗaɗa, maƙabarta ta yi wa kafaɗa nisa, sai ya zama shi ke ɗaukar gawar talaka ma. A shimfiɗa tabarma a ɗora makara, ƙarshenta ya leƙo waje saboda bodin gajere ne, wasu su tsuguna a gefe suna riƙe da ita kada ta zame in an faɗa rami. Baba ya raka wani amininsa haka, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ya ce mutumin nan duk tsawon rayuwarsa bai taɓa fita da riga mai datti ba, ga shi an kai shi makwancinsa likkafani duk garin gawayi.

Baba tsohon direba ne. Ya gama ƙuruciyarsa a kan hanyar Kumasi yana jan doya da shanu. Da ƙafafu suka fara gaya masa gaskiya sai ya ajiye babbar mota, ya tattara abin da ya tara ya sayi wata ƙaramar bas fara, tsohuwar ƙasar waje. Mun ɗauka haya zai yi da ita. Sai muka ga ya kwance kujerun baya, ya shimfiɗa roba a ƙasa, ya je masallacin layinmu a Nyohini ya gaya wa jama'a duk wanda aka yi wa rasuwa ga mota nan, mai kawai za a zuba. Daga ranar unguwa ta daina kiransa direba, ta koma kiransa mai motar gawa, shi kuwa sunan yana yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ina koyarwa a firamare, ina da babur ɗina, ina kuma da baki, wannan kowa ya shaida. Aurena da ya mutu na dawo gida, mahaifiyarmu ta riga ta rasu, sai muka zauna ni da shi muna faɗa muna shiri. Mafi yawan faɗanmu a kan ruwa ne.

Famfonmu na iya yin makonni bai ce uffan ba. Ruwa sai an bi tanka ko an aika da jarka wata unguwa. Amma Baba ya kafa wa kansa doka: motar nan sai an wanke ta kafin a sa gawa, sai an sake wanke ta bayan an dawo. Kuma ba gogewa da tsumma ba. Zai buɗe ƙofofi duka, ya naɗe wando, ya ɗauki bokiti ya watsa daga wurin direba har baya, ya bi da sabulu da tsintsiya, ya sake watsawa har ruwan ya riƙa zuba ta ƙofar gefe. Ladanin masallacinmu, wani tsoho Badagombe abokinsa, shi ke miƙo masa bokitin. Ni ina tsaye da tukunyar da zan ɗora a wuta, ina kallon ruwan girkina yana bin kwata.

"Baba, matacce ba ya ganin datti," na ce masa wata rana.

"Ni ina gani," ya ce. "Uwata, baƙon da ba zai sake dawowa ba, ai shi ake yi wa shara."

Shekaru aka yi haka. Motar ta kai tsofaffi, ta kai jarirai, ta kai matan da suka tafi wurin haihuwa, ta kai wani mai shago da bai taɓa gaida Baba ba. Daga baya ciwo ya kama Baba, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita a babban asibiti ya yi mini bayani a hankali, irin bayanin da in an yi maka ka san ba warkewa ake nufi ba. A daidai wannan lokacin ita ma motar ta fara nata.

Da farko abin dariya ne. Rana tsaka, ba hadari ba komai, sai waifa ta tashi tana share busasshen gilashi. Makullan ƙofa su riƙa ƙas-ƙas su kaɗai. Fitilar ciki ta ƙi mutuwa. Wata Juma'a liman na tsakiyar huɗuba ham ɗin motar ya ɗauka ya ƙi saki, sai da ladan ya fita ya cire kan batir. Daga nan dariya ta ƙare, domin kullum da safe batir ya mutu, kuma wani lokaci ko an yi caji a murɗa makulli motar ta yi shiru kamar ba ita ake wa magana ba. Ranar da aka yi rasuwa a bayan layinmu ta ƙi tashi, aka kira motokin. Baba yana zaune a ƙofar gida a kan kujerarsa ya ga wucewarsu. A ranar ne ya yi mini wannan roƙon, yana kallon hanya, ba ni yake kallo ba.

"Ki gyara ta, Uwata. Ni ma na kusa. Kada ki bari a ɗauke ni a wancan."

Na ce masa ya daina irin wannan magana. Amma da na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na san gaskiya ya faɗa, kuma tsoro ya kama ni. Ban san komai a kan mota ba sai inda ake zuba mai.

Fita na farko da na kira, wato makanike, ya ce batir ne. Aka sa sabo, bai yi mako ba ya mutu. Ya ce to abin da ke cajin batir ne, aka canza. Ya canza fiyus, ya canza makunnin waifa, ya yanke wayar ham gaba ɗaya ya ce ai an huta. Duk lokacin da ya canza wani abu sai ya share hannu ya ce, "Yanzu ya gama koraa," wato kwata-kwata. Kwana biyu sai in same shi da sabon labari. Na gaya masa maganganun da bai kamata malamar makaranta ta faɗa a bakin titi ba, shi kuma ya ce mini mota ba aikin mata ba ne. Baba da kansa ya kasa gane ta. Shi ya san motocin da in sun yi tari ka san inda ke musu ciwo. Wannan kuwa ya ce munafuka ce, ciwonta a ɓoye yake.

Wani malami abokin aikina ne ya tura ni wurin wani mai gyaran wayoyin mota a Kaladan. Muka ja motar da igiya zuwa can. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, kowa Masta yake kiransa, ya koyi aiki a Kumasi, ba shi da yawan magana, kuma yana da wata ɗabi'a da ta ba ni haushi: sai ya daɗe yana kallon abu kafin ya taɓa shi. Ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta cika fuskarta da rubutu. Ya ce kurakuran sun yi yawa, kuma ba su da dangantaka da juna, fitila da ƙofa da waifa da makulli, ba yadda za a yi dukansu su lalace rana ɗaya. Ya kashe motar, ya sa mita a kan batir, ya nuna mini wuta tana zuba duk da an cire makulli. Sai ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana kallon mitar, har ya zare wani, sai allurar mitar ta faɗi.

"Madam, duka abin nan uban su ɗaya ne," ya ce. "Akwai wani kontrol bod, shi ke ba su oda. Shi ke faɗa ma fitila kama, ƙofa rufe. Shi ke duba makulli kafin mota ya tashi. In shi ya rikice, kowa ya rikice."

Ya kwance kujerar direba, ya ɗaga robar ƙasa. Soson da ke ƙarƙashinta jiƙe yake, yana warin rima, a tsakiyar bazara. A wani ɗan rami a ƙasan motar ga baƙin akwati bai fi tafin hannu biyu ba, wayoyi sun shiga cikinsa dami-dami. Ya zare su, ya buɗe murfin. Ciki duk ya yi kore da fari, kamar tsohuwar tukunyar tagulla da aka manta a bayan ɗaki. Wasu ƙananan ƙafafun ƙarfen sun cinye har sun karye. Ya daɗe yana kallo kamar yadda ya saba, sannan ya ɗago.

"Motan nan ya faɗa kogi ne?"

Na ce a'a.

"To wanene ke zuba ruwa cikin shi?"

Na zauna a kan wata tsohuwar taya, ina jin ƙarar bokitin Baba a kunnena. Duk ruwan girkina da na yi shekaru ina faɗa a kansa, ashe ga inda yake taruwa. Na so in yi dariya, sai na ji hawaye ne ke zuwa. Da na gaya wa Masta aikin da motar ke yi, sai ya cire hularsa ya mayar, ya ce Allah ya ba tsohon lada, amma akwatin nan ya mutu, ba wankewa ba liƙi. Sai an nemo wani mai lamba iri ɗaya, kuma in an samo sai an koya masa makullin motar da kwamfuta, in ba haka ba ba zai yarda ta tashi ba.

Ban ɓoye wa Baba ba, ba halina ba ne. Na ɗauko mataccen akwatin na ajiye masa a cinya, na ce ga aikin bokitinka. Ya juya shi, ya kankare koren da farce, ya shinshina. Na fara jin kunyar yadda na faɗa.

"Ruwa mai tsarki ne," ya ce daga baya, a hankali.

"Ita ba ta san tsarki ba, Baba. In an gyara, tsumma kawai. Ko kofi ɗaya kada a zuba."

Ladan yana wurin, yana zaune a kan tabarma. Na juya na maimaita masa, har da nuni da hannu. Ya ce, "Na ji, 'yata. Tsumma." Amma na ga yadda suka kalli juna shi da Baba, kamar an ce musu daga yau a riƙa sallah ba alwala.

Neman akwatin ya fi gano ciwon wahala. Sabo babu shi a ƙasar, sai hom-yus, wato wanda aka ciro daga wata motar da ta mutu a ƙasar waje. Masta ya ɗauki hoton lambar ya aika wa mutanensa a Kumasi. Aka ce an samu, aka sa a motar haya, na je tasha na karɓo shi a naɗe cikin kwali kamar jariri. Masta ya duba ya ce harafin ƙarshe ya bambanta, wannan na motar da ba ta da ƙofar gefe ne. Aka mayar. Na biyun da ya zo lambarsa daidai, amma da aka buɗe shi ma kore ne a ciki, wata ƙasar ma ashe suna da nasu ruwan. Kullum in na tashi daga makaranta sai in hau babur in bi ta Kaladan, in tarar da motar a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ba kujera, kaji na kwana a inuwarta. Daga nan in wuce gida in tarar da Baba ya ƙara kumbura. Ya daina tambayata da baki. In na shigo sai ya kalli hannuna ya ga ko da makulli, in babu ya mayar da kai.

A wannan tsakanin an yi rasuwa a unguwa ba ɗaya ba, kuma duk a motokin aka tafi da su. Na riƙa rufe tagar ɗakinsa in na ji za su wuce, amma ƙarar motokin ba a ɓoye ta. Wata rana ya ce mini in daina wahalar da kaina da taga. Na fita tsakar gida na zagi kaji da ba su yi mini komai ba. Gaskiya a lokacin na fid da rai. Ina ganin ciwon nan yana gudu, gyaran yana rarrafe, kuma na san wanda zai riga isa.

Na ukun ya zo da kyau. Saura mai kwamfuta, wani mutum da ke zagaya garuruwan arewa, yau an ce yana Bolga, gobe an ce yana Wa. Da ya iso kuma aka ɗauke wuta, kwamfutarsa ba caji. Washegari ya zauna a cikin motar da igiyoyinsa, ya sa makulli ya cire, ya sa ya cire, wata fitila a gaban sitiyari tana ƙiftawa, can sai ta mutu. Masta ya murɗa, motar ta tashi. Waifa ta zauna lafiya, ƙofofi suka ji magana, aka mayar da wayar ham. Murfin sabon akwatin ya tsage a hanya, don haka Masta ya naɗe shi da leda ya ce zai nemo wani murfin, kafin nan a kiyaye.

"Madam, na faɗa miki, na ƙara faɗa. Ruwa kaɗan ma, ya tafi."

Da aka kawo ta gida Baba ya sa aka fito da shi. Muka ɗaga shi muka zaunar a kujerar direba. Bai iya taka komai ba, ya dai riƙe sitiyari, ya kunna fitila ya kashe, ya danna ham sau ɗaya. Ya shafa gaban motar ya duba yatsunsa, ƙurar garejin ta kama su. Na ɗauko tsumma na goge a gabansa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata." Ban taɓa jin sanyi a raina kamar na wannan yammacin ba, kuma bai daɗe ba.

Bai cika mako biyu ba ya rasu, da hantsi, ina riƙe da kofin kununsa. Kafin in san inda nake gida ya cika. Mata suka ja ni ɗaki suka zaunar, wannan ta riƙe mini hannu, wannan tana ba ni haƙuri da Dagbanci, wannan da Hausa. Famfo ya daɗe bai zo ba, don haka maƙwabta suka yi abin da aka saba, kowane gida ya aiko da jarkar da yake da ita. Aka yi wa Baba wanka, aka sa shi a likkafani. Ni abu ɗaya kawai nake riƙe da shi a zuciyata, cewa mota tana waje kuma tana tashi. Na ba da makulli aka kai wa wanda zai tuƙa.

Ina cikin matan nan sai na ji ƙarar da na fi sani a duniya, ruwan bokiti yana faɗa wa ƙarfe. Na ji an sake. Na miƙe, wata gwaggona ta riƙe mini zane tana cewa ina za ki, ba a fita. Na fizge na fita ba ko takalmi.

Ƙofofin motar duka a buɗe. Ladan ya naɗe wando yana ciki da tsintsiya, dattawan masallaci sun yi layi suna miƙa masa bokiti, mutanen da Baba ya kai iyayensu da matansu da 'ya'yansu. Kumfa tana gangarowa ta ƙarƙashin kujerar direba. Jarkoki na kwance a gefe ba komai a cikinsu. Na yi magana, ban san me na ce ba. Ladan ya juyo, fuskarsa duk hawaye.

"'Yata, na tuna. Wallahi na tuna. Amma shi ne fa. Ya wanke ma kowa mota, shi kuma mu goge mishi da tsumma? Sau ɗaya ne."

Ina tsaye waifa ta tashi ta fara share gilashi. Makullan ƙofa suka yi ƙas-ƙas. Mai tuƙin ya shiga ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, shiru. Aka tura ta har bakin kwalta aka dawo da ita. Na kira Masta, ya ce ko ya zo yanzu sai an kwance an shanya, kuma ba ya jin za ta tashi. Rana tana yi, zafi ya yi yawa, liman ya ce ba a jinkirta gawa saboda mota. Gaskiyarsa ne, ni ma da wani ne haka zan ce.

Aka tare wani motokin da ya sauke siminti a wani gini kusa da mu. Ladan ya ce a wanke bodin tukuna. Aka ɗaga jarkokin ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa, babu ko na alwala, duk ya tafi a kan motar. Sai ya cire rawaninsa ya karkaɗe abin da ya karkaɗu, aka shimfiɗa tabarma.

Mata ba sa bin gawa, don haka a ƙofar gida na tsaya. Suka ɗora makarar, ƙarshenta ya leƙo waje, wajen ƙafafunsa. Ladan ya tsuguna a gefe ya riƙe ta da hannu biyu. Da suka faɗa ramin bakin layinmu na ga garin siminti ya tashi ya sauka a kan mayafin. Na bi su da ido har suka sha kwana. A bayana motar tana nan fes, tana ɗigar ruwa, waifa tana ta kai da kawowa a kan gilashi, ba wanda ya tuna ya cire kan batir.